TAMBAYA DA AMSA: Da gaske ne sarakunan Tamil sun ci tsibiran Maldif da yaƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni dai mayen kallon finafinan Indiya ne irin na fassara ɗin nan, toh kwanaki na kalli wani na tarihi a kan sarakunan Chola, har na ji mai fassara yana cewa wai sun mallaki teku gaba ɗaya har da tsibiran Maldif ɗin nan da masu kuɗi ke zuwa hutun amarci. Da na faɗa wa abokina sai ya ce ƙarin gishiri ne kawai irin na fim, wai Maldif ƙasar Musulmi ce tun fil azal babu wani mai bautar gunki da ya taɓa taka ta. Mun yi musu har an kusa ɓatawa. Don Allah a raba mana gardama.
Daga wani mai gyaran waya a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillah. Toh ka ce wa abokinka ya yi haƙuri, a wannan karon kai ne ka fi kusa da gaskiya, duk da dai shi ma mai fassarar ya ɗan zuba gishirin nasa.

Su Chola gidan sarauta ne na Tamilawa a kudancin Indiya, a bakin kogin Kaveri inda ake noman shinkafa kamar ba gobe. Wajen shekarar 850 wani sarkinsu Vijayalaya ya kama garin Thanjavur, daga nan suka fara tashe, amma wanda ya kai gidan ƙololuwa shi ne Rajaraja na ɗaya da ya yi mulki daga 985 zuwa 1014. Shi ne ya gina wannan ƙaton ɗakin bauta na Thanjavur da aka gama a 1010, hasumiyarsa ta haura mita 60 kuma duk da dutsen ƙwarai aka yi ta, har yau tana nan tsaye ana zuwa kallo.

Abin da ya shafi tambayarka yana jikin duwatsu irin waɗannan. Rajaraja ya ɗauki wata al'ada, yawancin rubutun da za a sassaƙa a dutse da sunansa, ko na kyautar gona ne ko na fitilar ɗakin bauta ko na tumakin da za a riƙa tatsa don man fitilar, sai an fara da wata shimfiɗa da suke kira meykkirti. Kai da ka san fada, kirari ne kawai, amma kirarin da ake sassaƙawa a dutse, kuma duk shekarar da sarki ya ci wata sabuwar ƙasa sai a ƙara ta a ƙarshen jerin. Shi ya sa masu tarihi ke jin daɗinsa, suna bin duwatsun shekara da shekara su ga wace shekara sunan wuri kaza ya fara shigowa. A farkon mulkinsa kirarin gajere ne, maganar Kandalur Salai ce kawai a gaɓar Kerala, wanda masana da yawa suka fassara da cewa ya farfasa jiragen ruwan abokan gaba a can. Sai jerin ya yi ta tsawo, ƙasar Pandya, ƙasar Ganga, Vengi, Kalinga, sai Ilam wato Siri Lanka. Can a shekara ta 29 ta mulkinsa, wajen 1013 zuwa 1014 kenan gab da mutuwarsa, sai ga wani sabon layi ya shigo: munnir palantivu pannirayiram, ma'ana tsofaffin tsibirai dubu goma sha biyu na cikin teku.

Za ka ce toh ina sunan Maldif a nan? Ai ƙidayar ce ta tona shi. Tsibiran Maldif ba su kai dubu sha biyu ba, wajen 1,190 ne kuma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su wuce 200 ba, amma dubu sha biyun laƙabinsu ne da suka daɗe da shi. Wani Bafaranshe François Pyrard da jirginsu ya tarwatse a can a 1602, ya zauna a hannunsu har 1607, ya rubuta cewa sarkin yana kiran kansa sarkin larduna goma sha uku da tsibirai dubu goma sha biyu. Kaga shekara ɗari shida tsakani amma lissafin ɗaya ne. Da wannan ne yawancin masana suka tsaya a kan cewa Maldif ake nufi, wasu kuma suna haɗawa da tsibiran Lakshadweep da ke arewa da su, dama duk jeri ɗaya ne a cikin teku.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan shi ne kalmar "mallaka". Dubi Siri Lanka, can kam mallaka aka yi ta gaske: sun shiga wajen 993, suka rusa Anuradhapura tsohon babban birni, suka mayar da Polonnaruwa hedkwata suka canja mata suna, suka yi wa ƙasar suna irin na lardunansu, suka gina wa Shiva, abin bautar Hindu, ɗakin bauta da har yau yana nan, ɗan Rajaraja wato Rajendra ya kama sarki Mahinda na biyar a 1017 ya tafi da shi Indiya can ya mutu a tsare, ba su fita ba sai 1070 da Vijayabahu ya kore su. Wannan shekara saba'in da ɗoriya kenan da shaida a ƙasa ko'ina. Maldif kuwa shaidar tana gefen Tamilawa ne, a bakin masu kirarin sarki. Ni a fahimtata abin da ya faru ya fi kama da hari na jiragen ruwa, a nuna ƙarfi, masu tsibiri su yi caffa su riƙa aiko da gaisuwa, a bar su da sarautarsu. Haka Rajendra ya yi wa daular Srivijaya a 1025, ya tsallaka teku har yankin Malesiya da Sumatra na yau, ya fasa tashar jiragensu ta Kadaram ya kama sarkinsu ya kwashi ganima, amma bai zauna ya yi mulkin wurin ba. Su ma mutanen Maldif a riwayarsu ta gargajiya suna cewa tsibiran arewa ne baƙin suka riƙe, har zuwa lokacin sarki Koimala da ake sa farkon mulkinsa a 1117, wanda ya haɗe ƙasar a hannu ɗaya.

Maganar abokinka kuma cewa Musulmi ne tun fil azal, a'a. Shekarar 1153 sarkinsu ya musulunta, kusan shekara 140 bayan Rajaraja. Zan ƙara bayani a ƙasa don wata ma ta yi tambaya a kai.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Na duba taswira na ga Maldif ɗin nan ɗigo-ɗigo ne kawai, ba zinari ba gona. Me babban sarki zai nema a wurin har ya tura runduna?
Daga wani malamin sakandare a Zariya.

AMSA: Malam barka kadai, Allah ya ba da ladan koyarwa. Gaskiyarka, duk ƙasar in ka tattara busasshen wurinta wajen murabba'in kilomita 300 ne, kuma ba tudu, yawancinta ba ta fi mita ɗaya da rabi sama da ruwa ba. Amma sake duba taswirar ka ga yadda suka jeru, daga arewa zuwa kudu sama da kilomita 800, kamar an ja shinge a tsakiyar tekun Indiya. Jirgin da ya taso daga Aden ko Oman zai tafi Siri Lanka ko Malaka ko Sin, ko dai ya bi ta gaɓar Kerala ko ya ratsa ta 'yan ƙofofin da ke tsakanin tsibiran nan, ga duwatsun murjani a ɓoye ƙarƙashin ruwa suna jiran wanda bai san hanya ba, ga shi jiragen lokacin da iska suke tafiya, iskar damina ta kai ka gabas ka jira wata da watanni ta juyo ta dawo da kai, dole kana buƙatar inda za ka tsaya ka sha ruwa ka gyara jirgi.

Lokacin ma kasuwar ta buɗe sosai. Gidan Song sun hau mulki a Sin a 960, Fatimiyawa sun kama Masar a 969 suka gina Alƙahira, fatauci ya koma bin Bahar Maliya, su Chola kuma suna tsakiya. Shi ya sa za ka ga Rajaraja ya tura jakadu har Sin, sun isa a 1015. Kuma abokan gabarsa uku, Chera na Kerala da Pandya da sarakunan Siri Lanka, su ne ke riƙe da gefen yamma inda Larabawa ke sauke kaya, musamman dawaki, don kudancin Indiya ba ta iya kiwon doki mai kyau sai dai ta saya daga Larabawa da Farisa da tsada. Wanda ya karya waɗannan ukun, tsibiran da ke bayansu su ne abin da ya rage.

Sannan ba wai babu komai a wurin ba fa. Masanin nan Musulmi Albiruni da ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, wato zamanin Rajendra, ya kasa tsibiran gida biyu, tsibiran wuri (wurin nan da aka yi kuɗi da shi a da) da tsibiran igiya. Igiyar nan ta zaren ɓawon kwakwa ce, a jiƙa ɓawon a rami a bakin teku ya yi laushi, mata su daddoke shi su fitar da zaren su murza, kuma kar ka raina ta don jiragen tekun Indiya na lokacin ba ƙusa ake buga musu ba, ɗinke katakon ake yi da wannan igiya, ruwan gishiri ba ya cin ta, in jirgi ya bugi dutse sai ya ɗan lanƙwasa maimakon ya tsage. Sarkin da ke da rundunar ruwa ai ya san darajar wannan fiye da kowa. Ga busasshen kifi, ga ambar da teku ke turowa. Shi kuwa wuri kuɗi ne tsaba, a Bengal da shi ake cefane.

TAMBAYA: Toh Malam wane tasiri Tamilawan suka bari? Yarensu ake yi a can? Kuma kafin Musulunci addinin Hindu suke yi?
Daga wata ɗaliba a jami'a, Maiduguri.

AMSA: Ƙanwata, yarensu sunansa Dhivehi, kuma ɗan'uwan Sinhala na Siri Lanka ne, dangin harsunan arewacin Indiya, Tamil kuma wani gida ne daban. Addininsu kafin Musulunci na Buddha ne, shekaru sama da dubu suna kai, har yanzu akwai tuddan tsofaffin wuraren bautarsu da suke kira havitta, kuma a tsibirin Kaashidhoo an tono gidan zaman malaman Buddha a shekarun 1990. Kin ga kenan Chola masu bautar Shiva ba su canja wa mutanen harshe ba ba su canja musu addini ba. Dama ba halinsu ba ne sosai, Rajaraja da kansa ya ba da harajin ƙauye guda sukutum don kula da wani ɗakin bautar Buddha da sarkin Srivijaya ya gina a tashar Nagapattinam.

Amma akwai Tamilanci a jinin wurin, sai dai ya girmi Chola nesa ba kusa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin nan. Wani masani Ba'amurke Clarence Maloney da ya yi bincike a can a shekarun 1970 ya nuna cewa a ƙarƙashin Dhivehi akwai tsohon gurbin Tamil da Malayalam harshen Kerala, a sunayen wurare da kalmomin zumunta da na harkar teku. Akwai kuma mutanen tsibirin Giraavaru kusa da Male babban birni, da kowa ya yarda suna cikin mazauna na farko, su da bakinsu suke cewa kakanninsu Tamilawa ne, a 1968 aka tashe su daga tsibirin nasu. Waɗannan masunta ne da suka zo da ƙananan kwale-kwale, ba wanda ya sassaƙa musu kirari a dutse, amma abin da suka kawo ya zauna a bakin mutane har yau, rundunar sarki kuwa ta zo ta koma. Haka fatake, akwai ƙungiyoyin 'yan kasuwar kudancin Indiya irin su Manigramam da Ainnurruvar wato 'yan ɗari biyar, da suka yi ta yawo a tekun nan har an samu rubutunsu na Tamil a Barus ta Sumatra mai kwanan wata 1088.

Musulunci ma ta hanyar teku da baƙunta ya shigo. Sarki Dhovemi ya musulunta a 1153 ya ɗauki sunan Muhammad al-Adil. Matafiyin nan na Maroko Ibn Battuta da ya zauna a can a 1343 zuwa 1344 har ya yi musu alƙalanci a zamanin sarauniya Khadija, ya ce a hannun wani mutumin Magrib ne, Abul Barakat al-Barbari, mahaddacin Alƙur'ani, littafin tarihin ƙasar kuma ya ce mutumin Tabriz ne ta Farisa. Kabarin malamin na nan a Male. Ibn Battuta ya tarar da su a kan mazhabar Malikiyya irin tamu, daga baya ne suka koma Shafi'iyya. Kuma kin san wani abu, tsofaffin takardun wakafin masallatansu na ƙarshen ƙarni na 12, irin na tsibirin Isdhoo, a kan siraran allunan tagulla aka rubuta su aka zura musu zobe, daidai salon da sarakunan kudancin Indiya da Siri Lanka ke rubuta kyautar ƙasa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Jikata ce ke karanta min filin nan. Na ji ana cewa wai wurin da iyayenmu suka yi ciniki da shi daga wata ƙasa a tsakiyar teku ake kawo shi. Ina da wasu a gwangwani da na gada wajen mahaifiyata. Gaskiya ne?
Daga wata Hajiya a Katsina.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikalle. Gaskiya ne Hajiya, kuma ƙasar ita ce wannan Maldif da muke ta magana a kai tun ɗazu. Wallahi ranar da na fara sanin haka sai da na yi shiru na wani lokaci, don ni ma na tashi na ga kakata da nata a ƙulle a tsumma cikin ƙwarya, muna yara mu kwance mu yi ta juya su, bayan a dunƙule sumul kamar an shafa mai, cikin kuma da tsaga mai ƙananan haƙora, ban taɓa kawowa a raina cewa wata halitta ce ta taɓa rayuwa a ciki ba balle in yi tunanin teku.

Ga yadda suke samunsa, kamar yadda marubucin tarihi Mas'udi ya bayyana tun ƙarni na 10 kafin a haifi Rajaraja ma ko yana jariri. Sai a saro rassan kwakwa da ganyensu a jefa a ruwa mara zurfi, 'yan halittun nan masu kama da dodon koɗi su zo su manne a jiki, in sun taru sai a jawo reshen a shimfiɗa a kan yashi, rana ta kashe naman ya ruɓe, a wanke ɓawon ya fito fari tas. Shi kenan an buga kuɗi, ba maƙera ba wuta. Ibn Battuta ya ce suna sayar wa mutanen Bengal a ba su shinkafa, mutanen Yaman kuma suna zuba shi a ƙasan jirgi a madadin yashi don jirgin ya yi nauyi. Ya ce a Maldif wuri 400,000 ake bayarwa a kan dinarin zinari ɗaya, da ya zo Mali da Gao kuma bayan kamar shekara tara ya tarar 1,150 ne a kan dinari. Hajiya dubi wannan riba, ko a ina za a kai shi ai za a kai.

Ta Masar da Magrib yake bi ya tsallako Sahara a kan raƙuma, kuma tun da wuri, don marubucin Andalus Albakri a 1068 ya ambaci wuri cikin kayan da ake kaiwa wani gari Kugha a Afirka ta Yamma, lokacin kuwa Chola na riƙe da Siri Lanka. Amma ƙasar Hausa kam sai can baya, Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa ne, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo, don haka kar a ce Chola ne suka kawo mana, shekara ɗari bakwai ne tsakani, su gidan nasu ma ya ƙare tun 1279. A lokacin Sharefa hanya ta riga ta canja, Turawan Fotugal sannan na Holan da Ingila su ke lodo shi a jirage su kai Turai su juyo da shi gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kuma abin baƙin cikin shi ne yawancinsa bayi aka saya da shi, 'yan'uwanmu aka ƙirga da wurin nan aka zuba a jirgi. Daga gaɓar ya yi ta hawowa arewa ta Nufe har ya zama shi ne kuɗi a Kurmi. Kalmar kuɗi ɗin ma ai jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe ake cewa ba ni da ko wuri, kuma zambar da keso duk lissafinsa ne, keso ɗaya wuri 20,000. Matafiyin nan Bajamushe Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana ba da 2,500 a kan riyal ɗaya na azurfa.

Sai dai ba duk wurin da ke hannun mutane ne na Maldif ba. Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani iri daga Zanzibar mai araha, ya yi yawa har darajar ta zube, ya kai jaki ya ɗauki kuɗin da ba su fi kuɗin abincinsa na tafiya ba sosai, kafin Turawan mulki su hana shigo da shi a farkon ƙarni na 20 su kawo anini da sule. Hajiya ki sa jikar taki ta zazzage gwangwanin a faranti ta kai hasken rana. Wanda ya ɗan fi girma, bayansa da ruwan toka-toka da wani siririn zobe ruwan ɗorawa a kewaye, wannan na Zanzibar ne. Ƙaramin kuwa, fari mai ɗan rawaya, gefensa da 'yan ƙulli-ƙulli in kin shafa da yatsa, shi ne na Maldif.